Shin Ko Kun San? Tuffa, Maɗin Mapul da Citta a Kofin Kakar Amurka

Shin ko kun san cewa a arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada kaka tana zuwa da nata abin sha? Daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba kasuwar tuffa ke ci a can. Iska ta fara sanyi, ganyen itatuwa ya juye daga kore zuwa ja da ruwan ɗorawa, gidajen abinci da mashaya kuma su sauya jerin abin da suke sayarwa. Haɗin da ke tashe a wannan lokaci ginshiƙansa uku ne: tuffa, maɗin itacen mapul, da citta. Akwai mai giya, akwai kuma wanda ko ɗigonta babu.

Mai giyar da barandin tuffa ake yin sa. Mai haɗawa zai yanka ɗanyar citta siriri-siriri, ya dandaƙa ta a gindin wani dogon kofin ƙarfe har ruwanta ya fito. Sai ya zuba barandi kimanin mililita 60, ruwan lemon tsami kimanin 20, maɗin mapul kimanin 15, ya cika da ƙanƙara, ya rufe, ya girgiza da ƙarfi na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, sannan ya tace a kofin gilashi ya maƙala yankan tuffa a bakinsa. Barandi giya ce mai ƙarfi, barasar da ke cikinta takan kai kashi 40 cikin ɗari ko fiye, kuma hukuncinta ga Musulmi a fili yake: haramun ce. Abin da ya ja hankalina ga wannan kofi shi ne manoman da ke bayansa, domin ɗaya daga cikin ukun nan, wato citta, mutanenmu na kudancin Kaduna suna sahun gaba wajen kai ta kasuwar duniya.

Shin ko kun san cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake zubawa a kofin narkakkiyar ƙanƙara ce? Da gangan ake son ruwan, shi ke karya kaifin barasar da yajin cittar. Sanyin nan kuma shi ya sa suka fi son maɗi a kan zuma, domin zuma in ta ji sanyi sai ta daskare ta manne a jikin ƙarfe, maɗin mapul kuwa nan da nan yake bin ruwa.

Ita kanta ƙanƙarar kayan fatauci ce a da. A 1806 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya fara sarar ƙanƙarar tafkuna yana lodawa a jirgin ruwa zuwa tsibiran Karibiyan. Daga baya ya gano cewa lulluɓe ta da garin katako yana hana ta saurin narkewa, kuma a 1833 sai da ya kai ta har Kalkata ta Indiya, bayan tafiyar wata huɗu a teku.

Shin ko kun san cewa asalin tuffa ba a Turai yake ba, ba kuma a Amurka ba? Kakarta ta daji tana nan har gobe a gangaren duwatsun Tian Shan, kusa da birnin Almaty na Kazakistan, inda ake samun dazuzzukan da tuffa ce ta fito da kanta, ba wanda ya shuka. Masanin tsirrai na Tarayyar Sobiyet, Nikolai Vavilov, ya je wurin a 1929 ya ce nan ne mahaifarta. Sai a 2010, da masana suka karanta ƙwayoyin gadon tuffa gaba ɗaya, aka tabbatar da maganarsa. Bai ga wannan rana ba. Gwamnatin Stalin ta kama shi a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a 1943, kuma yunwa ce ta ci shi, shi da ya ƙarar da rayuwarsa yana yawon duniya yana tara irin shuka don kada mutane su kwana da yunwa. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Ko kun san cewa in ka shuka ƙwayar tuffa mai daɗi, ba irinta za ka samu ba? Kowace ƙwaya sabon iri ce da ba a taɓa gani ba, kuma galibi 'ya'yan sukan fito ƙanana, masu tsami ko bauri. Saboda haka ta hanyar aure ake yaɗa ta, a yanko reshe daga uwar a ɗaura a kan wani kututture har su kama juna. Koriyar tuffar nan mai ɗan tsami da ake kira Granny Smith, daga itace guda ta samo asali, wanda ya tsiro a gonar wata mata mai suna Maria Ann Smith kusa da Sidni ta Ostireliya a wajen 1868. Duk wata Granny Smith da ke duniya reshen wannan itacen ce. Irin tuffa da aka sani sun haura 7,500, ƙasar Sin kuma ita kaɗai ke noma kusan rabin abin da duniya ke samarwa.

Wadda muke gani a tire a bakin titi, akasarinta daga Afirka ta Kudu take zuwa. Itacen yana buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyi kafin ya yi fure sosai, shi ya sa a Nijeriya sai a wurare masu tudu irin su Jos ake samun nomansa, shi ma kaɗan. In kuma kuka ga tuffa a kasuwa rani da damina, sirrin yana ga ma'ajiya: ɗakuna ne masu sanyi da ake rage iskar da muke shaƙa a cikinsu har tuffar ta yi kamar barci, ta kai wata da watanni ba ta lalace ba.

Shin ko kun san cewa a ƙarni na 18 da farkon na 19, yawancin tuffar Amurka ba don ci ake noma ta ba? Matse ta ake yi. Turawan da suka yi ƙaura can ne suka kai ta, domin abin da suka tarar ƙananan tuffar daji ce mai tsananin tsami. Sukan matse ruwan su zuba a gangar katako, yis ɗin da ke jikin ɓawon ya cinye sukarin ya mai da shi giya mai sauƙi, ita ce abin shan gida a wancan zamani.

A nan ne labarin John Chapman ya shigo, wanda 'yan makarantar Amurka suka sani da Johnny Appleseed. An haife shi a Leominster ta jihar Massachusetts a 1774, ya rasu kusa da Fort Wayne ta Indiana a 1845. Yakan je wuraren matsar tuffa ya kwashi ƙwayoyin da aka zubar, ya yi gaba can bakin daji inda baƙi ba su riga sun isa ba, ya share fili ya shuka ya kewaye da shinge. Kafin masu ƙaura su iso, dashe ya isa sayarwa. Kasuwar kuwa tabbatacciya ce, domin tun 1792 wani kamfanin filaye a Ohio ya gindaya sharaɗin cewa mai son fili sai ya dasa tuffa 50 cikin shekara uku. Chapman bai yarda da auren itace ba saboda aƙidarsa ta addini, don haka tuffarsa ta ƙwaya ce, mai tsami, ba ta da amfani sai a matsa. Mutum ne da ya yi ta yawo ba takalmi, cikin tsumma, amma ya mutu ya bar filaye kimanin eka 1,200.

Kun san kuwa cewa sanyi ne ya fara yi wa Amurkawa barandin tuffa, ba wuta ba? Manomi kan bar gangar giyar tuffa a waje cikin hunturu. Ruwa yana daskarewa kafin barasa, don haka kowace safiya sai ya fasa ƙanƙarar da ta taru a sama ya zubar, abin da ya rage yana ƙara ƙarfi kullum. Shi suke kira applejack. Illarsa babba ce, domin duk gubar da ke ciki, har da wadda ake kira metanol, tana taruwa tare da barasar ba ta da hanyar fita. Metanol ita ce ke makantarwa ta kuma kashe, kuma ita ce ta hallaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan sun sha giyar gida. A jihar New Jersey har ladan masu aikin hanya an taɓa biya da applejack. Kamfanin Laird da ke can, wanda ya fara ciniki a 1780, shi ake ɗauka a matsayin mafi tsufa cikin masu lasisin tace barasa a Amurka, kuma har yau zuriyar gidan ce ke riƙe da shi.

Faransa ma tana da nata barandin tuffar, a yankin Nomandi, sunansa Calvados. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci tace ruwan tuffa a can yana cikin littafin ajiyar wani mai gona, Gilles de Gouberville, na shekarar 1553. Tauraron Calvados ya haska a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin Faransa. A 1942 aka kafa dokar kare sunansa: dole a yi shi a yankin, da tuffar yankin, ya kuma kwana aƙalla shekara biyu a gangar katako. Gangar ce ke ba shi launin ruwan zuma, amma lokacin da ya fito daga tukunya fari ne tas.

Shin ko kun san cewa tukunyar da ake wannan tacewa da ita malaman Musulunci ne suka kyautata ta, don turare da magani? Hikimar ita ce barasa na tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai 100, don haka tururin da ya riga tashi shi ake tarewa a sanyaya. Al-Kindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tacewa, mai ɗauke da haɗi sama da 100. Da irin wannan tukunya ake fitar da ruwan wardi har yau.

Daga Janairun 1920 zuwa Disamban 1933 Amurka ta haramta yi da sayar da giya a tsarin mulkinta. Kamfanin Laird ya koma sayar da zallan ruwan tuffa da dafaffiyar tuffa don ya rayu. Manoma kuma, waɗanda tun kafin nan masu yaƙi da shaye-shaye suka matsa musu lamba, suka ƙara karkata ga tuffar ci mai zaƙi. Har yanzu in ka tsaya a rumfar manomi a jihar Vermont ko ta New York cikin Oktoba, abin da za a miƙo maka ruwan tuffa ne da aka matse, mai duhu-duhu, ba a tace shi ba, ba kuma giya a ciki. Shi ake ɗumamawa a tukunya da kirfa da kanumfari da yankan citta, a ɗiga maɗin mapul, yara da manya su sha.

To, maɗin fa? Shin ko kun san cewa wannan abin zaƙi da ake alaƙanta shi da kaka ba a kaka ake yin sa ba? A kaka itacen mapul ajiya yake yi. Sukarin da ganyensa ya haɗa duk damina sai ya mai da shi sitaci ya ɓoye a jiki da saiwa, ragowar da ta maƙale a ganye kuma ita ke rina shi ja. Sai ƙarshen hunturu, tsakanin Fabrairu da Afrilu, sitacin ya koma sukari ya narke cikin ruwan itacen. Ruwan ba ya zuba sai an samu wani yanayi na musamman: dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana kuma ta ɗan yi ɗumi. Da dare itacen yana zuƙo ruwa daga ƙasa, da rana ya matso shi waje ta duk inda ya samu kafa. Mako huɗu zuwa shida ke nan a shekara. Da zarar tsiron ganye ya fara kumbura, ɗanɗanon ya ɓaci, an tashi kasuwa sai baɗi.

Manomi yakan huda itacen da ɗan siririn abin huji, zurfin bai kai tsawon yatsa ba, ya cusa ɗan bututu, ya rataya bokiti mai murfi. Abin da ke ɗiga a ciki in ka gani sai ka rantse ruwan sha ne, in ka lasa da ƙyar za ka ji zaƙi, domin sukarinsa kashi 2 ne kawai cikin ɗari. Dole a dafa kimanin lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta maɗi, wanda doka ta ce sukarinsa kada ya gaza kashi 66. Kuma lita 40 ɗin nan ita ce kusan duk abin da huji guda zai bayar a shekara. Itacen kansa sai ya kai wajen shekara 40 kafin a fara taɓa shi, saboda haka wanda ya dasa ba lallai ne ya sha ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu mazarƙwaila ya ga yadda ruwan rake ke tafarfasa yana kauri, ya san irin aikin da ake yi a bukkokin dafa maɗi: wuta ba ta mutuwa, tururi ya cika ɗaki, ido na kan tukunya don kada ta ƙone. Na farkon lokaci yakan fito garai mai ruwan zinariya, na ƙarshe kuwa baƙi-baƙi mai ƙarfin ƙamshi, kuma shi masu haɗa abin sha suka fi nema, don shi ne citta ba ta danne shi.

Turawa ba su zo da wannan sani ba, tarar da shi suka yi. Ƙabilun asali na yankin, irin su Ojibwe da Abenaki da Haudenosaunee, su ne ke tsaga ɓawon itacen su tari ruwan a kwanon ɓawon itace, su dafa shi har ya zama dunƙulen sukari da za su ci shekara. Ganyen mapul ne ke tsakiyar tutar Kanada tun 15 ga Fabrairun 1965.

Shin ko kun san cewa an taɓa ɗaukar sukarin mapul a matsayin makamin yaƙi da cinikin bayi? A shekarun 1790 sukarin da Amurkawa ke sha daga gonakin rake na Karibiyan yake zuwa, inda bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ke mutuwa a bakin aiki. Likitan nan na Filadelfiya, Benjamin Rush, tare da Kiristoci mabiya ɗariƙar Kwaka, suka yi ta kira a koma ga mapul, sukarin da iyali za su iya yi da hannunsu ba tare da jinin kowa ba. Thomas Jefferson ya karɓi shawarar, har ya dasa itatuwan a gonarsa ta Monticello a 1791, amma yawancinsu ba su yi ba. Shi kansa kuwa ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Yunƙurin bai karya kasuwar rake ba, amma ya nuna cewa tun wancan lokaci akwai masu tambayar wane ne ya sha wahala kafin zaƙi ya iso bakinsu.

Yanzu ga wurin da nake so mu tsaya sosai. Lardin Kwibek na Kanada shi kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na maɗin mapul na duniya. Manomansa, su kimanin 13,000, suna da ƙungiya guda da aka kafa a 1966. Ita ke zama da masu saye a yanke farashi, ita ke ƙayyade wa kowa yawan abin da zai fitar, kuma tun 2000 tana da rumbun ajiya. Shekarar da aka samu yabanya, rarar ta tafi rumbu don kada farashi ya faɗi. Shekarar da yanayi ya ƙi, a buɗe rumbu don kada masu saye su gudu. A 2021 sun fitar da kimanin kilo miliyan 22 a lokaci guda. Ba kowa ke son tsarin ba, akwai manoman da suka yi ta shari'a da ƙungiyar don neman 'yancin sayar da kayansu ga wanda suka ga dama, wasu har aka ci su tara mai nauyi. Duk da haka manomin Kwibek ya san kuɗin kayansa tun kafin ya huda itace, ni kuwa a ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Darajar rumbun ta kai har ɓarayi suka yi masa tsinke. Tsakanin 2011 da 2012 aka sace kusan tan 3,000 na maɗi, na dalar Kanada miliyan 18.7, daga wata ma'ajiya a garin Saint-Louis-de-Blandford. Da dare ake fitar da durom-durom, a zuƙe maɗin, a cika su da ruwa a mayar. Da suka ga ba mai lura, suka daina ma wahalar zuba ruwan. Asiri ya tonu a Yulin 2012, lokacin da mai binciken shekara-shekara ya taka wani durom yana hawa, durom ɗin ya yi rawa saura ƙiris ya faɗo, alhali cikakke ya fi ƙarfin ya motsa. An yanke wa jagoransu, Richard Vallières, ɗaurin shekara takwas, kuma a 2022 Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar masa da tarar sama da dala miliyan 9.

Ko kun san cewa maɗin mapul na jabu da hulba ake ba shi ƙamshi? Sinadarin da ke sa jikin mai shan hulba ya riƙa wannan ƙamshin, shi ne masu masana'anta ke zubawa a ruwan sukarin masara su sayar da arha. Daga 2005 mutanen birnin New York suka riƙa jin ƙamshin mapul yana cika unguwanni da dare, har wasu suka tsorata ko harin guba ne. Sai a Fabrairun 2009 magajin gari Michael Bloomberg ya sanar cewa an gano tushen: wata masana'anta ce a tsallaken kogi, a New Jersey, da ke sarrafa 'ya'yan hulba.

Saura citta. Shin ko kun san cewa manoman arewa maso gabashin Amurka na da suna da haɗin tuffa da mapul da citta wanda ba ya bugarwa? Sunansa switchel. Ruwan sanyi ne da khal ɗin tuffa, irin wanda ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, da garin citta, da maɗi. Shi ake kai wa masu yankan ciyawa gona a tulu cikin zafin rana, don sun yarda cewa citta na hana ruwan sanyi murɗa cikin wanda ya gaji.

Citta tana cikin tsirran da Alƙur'ani ya ambata da suna: a Suratul Insan, aya ta 17, an bayyana ta a matsayin mahaɗin abin shan 'yan Aljanna. Asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, kuma ba a samun ta a daji tana fitowa da kanta. Tun zamanin Rumawa take isa Turai ta hannun fatake.

Kun san dalilin da busasshiya ta fi ɗanya yaji? Sinadarin da ke ba ɗanyar citta zafinta yana rikiɗa in ta bushe, ya koma wani da ya kusa ninka shi kaifi. In kuma aka dafa ta, sai ya koma wani mai sauƙi da ɗan zaƙi-zaƙi. Shi ya sa cittar yaji daban, ta kunun zaƙi daban, ta lemon citta daban, alhali abu guda ne. Ruwan ɗanyar yana kuma tsinka madara ya daskarar da ita, mutanen kudancin Sin har wani abin zaƙi suke yi da hakan.

Akwai kuma labari mai ɗaci. A lokacin haramcin giya, talakawan Amurka sun koma shan wani maganin ruwan cittar Jamaika da ake sayarwa a kantin magani, saboda barasar da ke cikinsa. A 1930 wasu 'yan kasuwa suka gauraya shi da wani sinadarin masana'anta don su yaudari masu bincike. Dubun dubatar mutane suka shanye a ƙafa da hannu, da yawa ba su ƙara tafiya daidai ba har suka mutu.

Shin ko kun san cewa Nijeriya ce ta ɗaya a noman citta a Afirka, kuma tana cikin 'yan ƙasashen da ke bin bayan Indiya a duniya? Cibiyar abin ita ce kudancin Kaduna: Kachia, Jaba, Kagarko, Jema'a, Zangon Kataf. Wajen 1927 aka fara nomanta don kasuwa a yankin. Iri biyu manoma suka sani, Tafin Giwa mai kauri da ruwan ɗorawa, da Yatsun Biri siririya mai duhu. Masu saye a waje suna neman cittarmu ne saboda yawan manta da ƙarfin yajinta. A Afrilu zuwa Mayu ake binne gutsattsarin saiwar, a lulluɓe kunya da ciyawa ko ganye don ta riƙe laima, a yi ta cire ciyawa da hannu duk damina. Haƙa na farawa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da ake matsar tuffa a Vermont. Daga nan aiki ya koma hannun mata, su zauna da wuƙa suna tsaga kowace saiwa biyu a tsaye, a shanya a kan duwatsu da tamfol, iskar hunturu ta busar. Sai buhu, sai kasuwar Kachia ko Kwoi ko Kafanchan, sai tirela zuwa Legas, sai jirgin ruwa zuwa Indiya da Dubai da Holan da Maroko. A can ake niƙa ta, a tatse manta, a zuba a kwalba da sunan wani kamfani, kuma a can ribar take zama.

A daminar 2023 annoba ta faɗa wa gonakin. Ganye ya yi rawaya ya bushe, in aka tono saiwar sai a tarar ta ruɓe ta yi laushi tana wari. Manoma da yawa da suka ci bashi don noman ba su ɗauki ko buhu ɗaya ba. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar a kimanin naira biliyan 12, farashin buhu ya ninka sau da yawa, har mai shayi da mai zoɓo a Kano da Zinder suka ji a jikinsu. Babu wani rumbu da aka buɗe, domin babu shi. Babu ƙungiya mai ƙarfin da za ta ce ga farashi, ga ajiya, ga tallafi. A shekarar yabanya ɗan kasuwa ne ke yanka wa manomi kuɗi a bakin gona, a shekarar annoba kuma manomin ne ke ɗaukar asarar shi kaɗai.

Ciwon ya fi tsanani saboda yadda ake shuka citta. Ba ta da ƙwayar da za a ajiye a kwalba, saiwar da za a sayar ita ce irin da za a binne baɗi, don haka cutar da ta shiga gona tana bin irin zuwa wata gonar, tana kuma iya zama a ƙasa ta jira. Wanda ya rasa amfanin bana ya rasa irin baɗi ke nan. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya ita ke da alhakin binciken citta a ƙasar nan. Abin da manomin Kachia ke buƙata daga gare ta da gwamnatin Kaduna shi ne iri mai tsabta a kuɗin da zai iya biya, ya kuma iso hannunsa kafin ruwan farko na Afrilu.